Ranar da Sammani Ya Ɗauki Inna a Babur

Babur ɗin Sammani ba na ɗaukar mutane ba ne, kowa a ƙauyen ya san haka. Tun da aka hana acaɓa a birni ya tattaro ya dawo gida, can gefen Tofa, ya mai da babur ɗin jakin buhu: masara, taki, albasa, har siminti in an dace da mai gini. Don kada bayan ya riƙa durƙushewa, ya sa Badaru bakanike ya ɗaure masa shokozoba har haƙorin ƙarshe, aka kuma cusa guntayen tsohuwar taya a tsakanin sifirin. In ka hau shi babu kaya, wallahi kowane dutsen hanya sai ka ji shi a tsakiyar kanka. Wani malamin firamare da ya taɓa roƙon a rage masa hanya, da ya sauka ko godiya bai iya yi ba, ƙugu ya riƙe.

To, daminar da nake ba ku labari, ba sai na tuna wa kowa ba. Fetur ya gagari talaka, kwanon masara ya zama abin da ake tambayar kuɗinsa a wuce, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa Lauratu, ƙanwar Sammani da ke aure a wani ƙauye bayan Watari, ta haihu da ƙyar, sai da aka yi mata aiki. Uwar mijinta ta rasu, babu wata babbar mace a gidan da za ta dafa mata ko ruwan zafi. Kafin mai saƙon ya gama magana, mahaifiyarsu Inna Kaltume ta riga ta ɗaure ƙunshinta.

Sai dai ruwa ya cinye hanyar, mota ba ta shiga. Ga Inna da ciwon ƙugu. Bara da ta hau babur zuwa ta'aziyya, wata guda ta yi a kwance, sai an juya ta. Sabo maƙwabcinsu, wanda ya saba ɗaukarta a hankali, ya sayar da nasa babur ɗin ya sayi hatsi. Saura na Sammani, wannan mugun ƙarfen.

Ga kuma wata. Sammani ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa hawa bayansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido. Yana zaune a gabanta za ta juya wajen matarsa Murja ta ba da saƙo. Ranar ma haka ta yi.

"Ki ce wa mai babur, in ba zai iya ba, ƙafata ƙalau take."

"Ki ce mata gobe da safe, in Allah ya kai mu," in ji Sammani, shi ma yana kallon Murja.

"Oh ni 'yasu," in ji Murja. "Ni ce wayar gidan nan."

Da hantsi ya tura babur ɗin gindin darbejiyar da Badaru ke aiki. Badaru ya danna bayan da hannu biyu, ko motsi bai yi ba, ya yi tsaki.

"A kan wannan za ka ɗora tsohuwa? Ai gara ka ɗora ta a kan turmi ka mirgina."

"Shi ya sa na zo."

"In na zare robobin nan, buhu biyu ba za su hau ba sai an mayar. Gobe kasuwa fa. Ka haƙura da lodin?"

Sammani ya san lodin kasuwa shi ne tuwon mako. Ya ce, "Zare."

Badaru ya zare robobin, ya kwance shokozobar dama da ke tsiyayar mai ya gyara ta, don a cewarsa wadda ta zubar da mai ba ta riƙe tsalle, in ta faɗa rami sai ta yi ta cilla mutum sama kamar ɗan akuya. Ya rage wa tayar baya iska kaɗan. Sannan ya nuna masa zoben nan mai haƙora da ke gindin sifirin.

"Ka saurare ni, don na san kanka. Ba laushi kawai ake nema ba. In ya yi laushi da yawa, kuna faɗawa rami ƙarfe zai daki ƙarfe, ƙugun dai zai sha. In ya yi tauri, ka san sauran. Abin da ake so, in ta zauna sifirin ya nutsa kamar faɗin yatsu biyu, ya bar sauran don hanya. To ya jikinta yake?"

Sammani ya yi dariya. Inna Kaltume ake tambaya? Matar da ke sungumar damin dawa ita kaɗai ta aza a ka, matar da in ta riƙe taɓarya ana jin dakanta daga bakin masallaci? Ya ce, "Ai Inna mace ce mai jiki."

"To ka samu mai kamarta ka gwada. Ga ƙarfen juya zobe, aro ne ba kyauta ba."

Bayan la'asar ya ɗora Murja suka nufi kwazazzabon bayan gari, inda ruwa ya yi wa hanya kaca-kaca. Su sauka, ya juya zobe, su sake hawa. Murja tana ta mita, wai ita ba ta taɓa ganin matar da aka mayar buhun gwaji ba, wai yau shekara nawa bai taɓa fita da ita ba sai da za a jijjiga mata hanji. A hankali dai abin ya zauna. Babur ya riƙa shiga rami yana fita lumui, har ita da kanta ta ce, "Kai, wannan ko mai ciki a ɗauka."

"Bari in ƙara haƙori ɗaya," in ji shi. "Inna ta fi ki jiki."

Murja ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta juya tana gyara mayafi. Shi kuwa hankalinsa na kan zobe, bai lura ba. Ya dawo gida yana jin daɗin kansa, har da 'yar waƙa.

Washegari rana ta ɗan ɗaga Inna ta fito, zani kan zani, ga mayafi har ƙasa, kamar yadda ta saba. Murja ta kifa turmi a gefen babur ta riƙe kan, Inna ta taka. Sammani ya tsuguna a gindin tayar baya, ya ɗora yatsu biyu a kan sifirin yana jira ya ji ya nutsa.

Bai nutsa ba.

"Ki ce ta zauna sosai," ya ce.

"Ai ta zauna," in ji Murja, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ɗaga kai. Inna na zaune daram, ƙafafunta duka a kan matakai, ƙunshinta a cinya. Sai idonsa ya sauka a kan sawunta, inda zanin ya ɗan ɗage. Ƙashi ne da fata. Awarwaron da ya san yana kama mata wuyan hannu ya zame har gwiwar hannu.

Ya ce a sauko da ita zai sassauta. Wajen saukowa turmin ya goce, Inna ta yi baya, bai san lokacin da ya tare ta ba. Tun da ya yi wayo bai taɓa riƙe uwarsa ba sai ranar. Allah sarki, damin kara ya fi ta. Ta yi maza ta zame jikinta ta juya masa baya.

Ya ja Murja cikin zaure.

"Mene ne wannan? Ciwo take yi kuka ɓoye mini?"

"Ba ciwo ba ne."

"To mene ne?"

Murja ta fara hawaye. "Tun da muka koma girki ɗaya, kwanon da nake kai mata yaranka ne ke cinyewa a ɗakinta. Sai ta kira su ta saki labule. Ita ruwan kunu kawai take kurɓa. Na yi magana, ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba."

Sammani ya jingina da bango. Haushi ya kama shi, ya rasa wanda zai ji wa, sai kansa. Shi ne fa mai bugun ƙirji a majalisa, wai duk tsananin nan 'ya'yansa ba su taɓa kwana suna kukan yunwa ba. Ashe ga inda ƙoshin ke fitowa. Gida ɗaya, katanga ɗaya, kullum yana durƙusawa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya tashi ya tafi. Ya san ƙarar kowane ƙarfe a jikin babur ɗinsa, bai san uwarsa ta ƙare ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da kyau.

Ya fito ya sassauta zoben har haƙorin farko, duka gefe biyu. Inna ta sake hawa. Sifirin ya ɗan motsa, ko faɗin yatsa ɗaya bai kai ba. A haka, ramin farko zai kai ta kwance.

Ya wuce rumbu ya raba ɗan geron da ya rage biyu, ya zuba rabi a buhu, ya kawo ya ɗaure a kariyar ɗora kaya da ke bayan mazauninta. Inna ta gane. Ta juya wajen Murja a fusace.

"Ki ce masa ya sauke. Yara me za su ci?"

Wannan karon bai kalli Murja ba. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, yaran nawa ne, ni zan nemo. Babur ɗin ba zai tafi daidai ba sai da kaya a bayansa. In geron ya sauka, ke ma ba za ki ga Lauratu ba."

Ta kawar da kai. Ya sa yatsu ya duba: biyu cif. A ransa ya ƙudura cewa in sun isa zai ja Lauratu gefe, ko tana kwance ne, ya ce mata kada a ɗauke kwano daga gaban Inna sai an ga ƙarshensa.

Suka kama hanya tsakanin gonakin dawa, a giya ta ɗaya, yana lallaɓa kowane rami. Babur ɗin na tafiya lumui yadda Badaru ya ce. Amma Sammani ya saba jin kaya a bayansa, buhu na danna shi, kan babur na neman ɗagawa. Yau geron kaɗai yake ji. Ya waiwaya, tana nan. Suka ƙara gaba, ya sake waiwayawa. Da suka gangara kwazazzabo suka haura, tsoro ya kama shi sosai, ya kasa daurewa.

"Inna, kina nan?"

Can ya ji an kama gefen rigarsa, kamun yatsu biyu, sannan aka damƙe da hannu duka.

"Ina nan," in ji Inna Kaltume. "Kalli gabanka."

Ya kalli gabansa, amma hanyar ba ta ganuwa sosai, sai da ya sa hannun riga ya share idonsa.