Ranar da Aka Cire Baltazar

An tafi hutun rabin lokaci, an zura wa ƙungiyar Pak Sugeng biyu ba ko ɗaya, sai ga mai unguwa yana buga ƙofa. Lahadi ce, ranar yasar kwata a unguwarsu da ke birnin Semarang, kuma duk magidancin da bai fito ba sai ya yi mako a bakin mata.

Shekara ashirin da biyar ke nan Pak Sugeng yana horar da ƙungiyar nan a tsohuwar kwamfutarsa. Wasan irin na da ne, 'yan ƙwallon ɗige-ɗige ne kawai ke yawo a allo, rubutu na ba da labari a ƙasa. Amma mutumin nan har hawaye ya taɓa zubar wa ɗigo. Yau kuwa hukumar ƙungiyar ta cikin wasan ta rubuto masa: ko ya ci, ko ya tattara komatsansa.

"Uwargida, don girman Allah kar ki taɓa kwamfutar nan," ya ce wa matarsa Warsini, ya saɓi shebur.

Awa biyu ya yi cikin kwata, hannu na kwasar leda, zuciya na tsara 'yan baya. Ya dawo da taɓo har gwiwa, ya tarar da ita a kujerarsa tana cin soyayyar ayaba.

"Goge-goge nake, abin ya tashi da kansa," ta ce. "Sai na ga wani shekararsa arba'in da ɗaya, makin gudunsa biyu cikin ashirin. Na ce bawan Allah ya je ya huta."

"Baltazar? Baltazar kika cire? Tun yana ɗan sha shida na ɗauko shi!"

"Ni ma ina 'yar sha tara ka ɗauko ni, Pak, ban taɓa jin ka ce in zauna in huta ba."

Ya leƙa allo. Ƙungiyarsa ta ci uku da biyu! Hukuma ta ƙara masa kwantiragin shekara uku, tana yaba jarumtar koci wajen yanke hukunci mai ɗaci. Ya karanta sau biyu. Daɗi ya ji ƙwarai, kunya kuma kamar ya koma cikin kwatar.

"Je ka wanke ƙafa," Warsini ta ce, idonta na kan allo. "Golan nan naka ma ban yarda da shi ba."

Ya wanko ƙafa ya dawo. Bai ga alamar za ta tashi ba, sai ya jawo benci ya zauna.