Sababbin Tayoyin Dewey

Tun a ƙofar gandun shaƙatawa na ce wa mijina Dewey ya rage iskar tayoyi, kamar yadda kowa ke yi kafin hawa yashin bakin teku. Ya ce tayoyinsa sababbi ne.

Yanzu ga motarmu mai ɗaki, gidanmu tun shigowar bazara, ta kafe a yashi, teku kuma yana cikowa.

"Ba ta wuta, Lorna," in ji shi.

"In ƙara haƙa mata kabari?"

Ya durƙusa cikin ruwan sanyi yana laluben bawul ɗin taya da tsinin makulli don ya rage iska. Tayoyi shida ne. Yana kan ta biyu ruwa ya kai masa ƙugu.

Na leƙo ta taga. "Sababbi ne dai, Dewey."