Wutar Rumbun Job

Duk mai zuwa majami'a a Ƙarfi ya san Inna Atu. Ita ke share harabar tun kafin kowa ya iso ran Lahadi, ita ke wanke tukwanen zumuntar mata, in wani ya kwanta ciwo ita za a fara gani da kwanon kunu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, shekarunta sun haura sittin, tana noman masara da waken suya a gonar da ya bari. Abu ɗaya ne mutane suka kasa ganewa. Duk ranar da za a ci Jibin Ubangiji na tunawa da mutuwar Yesu, da an fara raba gurasa sai ta tashi ta fita, ta zauna gindin bishiyar bedi har a gama. Shekara goma sha huɗu tana haka. Fastoci biyu sun tambaye ta, kowanne ta ce masa ba komai.

Akwai komai kuwa. Atu tana da ƙane mai suna Job, danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Wata safiya bayan girbi tana sauri za ta kasuwar Malumfashi, ta kwashe tokar murhu ta watsa bayan danga, dab da rumbun Job. Ashe da sauran garwashi a ciki. Kafin azahar jinkar rumbun ta kama, dawar shekara guda ta ƙone ƙurmus. Ran nan kuma Rahab, matar Job, wadda watanta bakwai da aure, ta soya gyaɗa a tsakar gida. Kowa ya ce ita ce. Da Atu ta dawo da yamma ta duba inda wutar ta faro, ta gane, ta ja bakinta ta yi shiru.

Job mutum ne mai riƙo. Bai ɗaga wa matarsa hannu ba, amma ya daina cin abincinta, ya daina yi mata magana. A bakin rijiya mata suka laƙaba mata suna mai ƙona rumbu. Kafin damina Rahab ta koma gidan iyayenta a Tsiga. Dattawan majami'a sun yi ta kai da kawo, ba ta dawo ba. Bayan shekara tara Job ya rasu bai san gaskiya ba.

Bara da kaka Atu ta yanke jiki ta faɗi a gona. Aka kai ta asibiti a Malumfashi, likita ya ce hawan jini ne. Ta dawo gida da ƙwayoyin magani da tunanin mutuwa.

Tana casar waken suya a bakin gona Malam Enoch ya same ta. Shi ne mai bisharar da aka turo musu shekara biyu da suka wuce, manomi ne shi ma, ba mai yawan magana ba. Ya gaishe ta, ya karɓi sandar hannunta ya shiga bugu. Bai tambaye ta komai ba. Ita ce ta zauna kan buhu ta ce, "Malam, ajiye sandar nan. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba."

Ta faɗa masa tun daga toka har mutuwar Job. Ta ƙara da cewa, "Tun ran nan nake azumi kowace Laraba. Sharar nan da kake gani, da kunun marasa lafiya, duk don wannan ne. Na ce in na yi ya isa, sai in ci Jibi."

"Ya isa, Inna?"

"Bai isa ba."

"Yaushe kike ganin zai isa?"



Malam Enoch ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ya ce, "Ba zai isa ba, ko za ki ƙara shekara ɗari kina shara. Biyayyar da za ki yi yau ta yau ce, dama ita Allah yake nema gare ki. Ba ta da rarar da za ta koma baya ta rufe ta jiya. Haka nawa yake, haka na kowa. Mutum ɗaya ne ya yi biyayya tun daga haihuwa har mutuwa bai karkace ko sau ɗaya ba, shi ne Yesu Almasihu. Da yake ba shi da laifin kansa, shi ya iya ɗaukar namu. Hukuncin da ya kamace ki shi ya sha a kan gicciye, biyayyarsa kuma Allah ya karɓa a madadin taki."

Atu ta girgiza kai. "Malam, wannan na sani tun ina ajin baftisma. Shi ne ma abin da ke hana ni. Na riga na bar marar laifi ɗaya ta ɗauki laifina, na ga yadda ta ƙare. Yanzu ka ce in sake ɗora wa wani?"

 Ya ce, "Wa ya tambayi Rahab ko ta yarda?"

"Ba kowa."

"Ɗora mata aka yi, ba ta zaɓa ba. Kuma wahalar da ta sha ba ta sauke miki komai ba, ƙara miki nauyi ta yi. Shi kuwa ba ɗora masa aka yi da ƙarfi ba. Ya san abin da kika yi, ya san shirun da kika yi, da kansa ya miƙa wuya. Aikin ma an gama shi tun ba a haife ki ba. Ƙin karɓar da kike yi ba zai rage masa zafin ƙusa ba, Inna, ke dai kike zaune waje."

Ta share fuska da bakin zane. "To Rahab fa?"

"Rahab tana Funtua, tana da rai. Zuwa wurinta ba shi zai saya miki gafara ba. Amma wadda aka yafe wa ba ta da sauran dalilin ɓoyewa."

Ran Asabar ta hau bas zuwa Funtua. Ta sami Rahab a rumfarta ta sayar da abinci kusa da tasha, ta yi ƙiba, furfura ta fara fito mata. Suka gaisa, Rahab ta ba ta benci da ruwa. Atu ba ta sha ba sai da ta faɗi abin da ya kawo ta.

Rahab ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce, "Na sani, Yaya. Ina tsaye bakin ɗaki na gan ki kina zubar da tokar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni baƙuwa, watana bakwai da aure, ke kuwa yayar maigida. Wa zai yarda? Jira na yi ki faɗa da bakinki. Har ranar da na ɗaure kayana ina kallon ƙofarki."

Atu ta durƙusa a ƙasan rumfar, masu cin abinci suna kallo. Rahab ta ce ta tashi, ba a yi mata haka gaban mutane. Ta ce, "Ba zan ce miki na yafe yau ba, don kada in yi ƙarya. Amma a Ƙarfi aka ɓata sunana. Can za ki je ki gyara."

Washegari a Ƙarfi bayan wa'azi Atu ta nemi izini ta tsaya gaban jama'a. Ta faɗa a taƙaice, ba ta rage komai ba. Wasu tsofaffin mata suka sunkuyar da kai, don su ma sun kira Rahab da sunan nan. Wasu sun yi wata guda ba su gaishe da Atu ba. Lahadin da aka sake cin Jibi ta zauna a wurinta, aka miƙo mata gurasar ta karɓa. Shara kuwa ba ta daina ba, sai dai yanzu in gwiwa ta dame ta takan bar wa wasu.

Bayan Kirsimeti aka yi bikin auren jikar wani dattijon majami'a, Rahab ta zo, karo na farko tun tafiyarta. Ba ta sauka gidan Atu ba. Amma da aka raba abinci suka faɗa kwano ɗaya su da wasu mata uku. Ba wadda ta tayar da maganar. Rahab ta ɗanɗana miyar, ta dubi Atu ta ce, "Yaya, wa ya yi wannan miyar? Daddawa ta yi yawa."

"Ni ce," in ji Atu.

Rahab ta gutsiri tuwo ta ci gaba da ci.