Ƙafar Damata, Hannun Tela

A hawa na uku keken ɗinkin ya maƙale. Saani yana sama yana ja, Yacouba mai sayar da huluna ya tokare da kafaɗa daga ƙasa, ƙafar ƙarfen ta shige tsakanin sandunan matattakala ta ƙi fita.

"Ɗaga ɓangarenka," in ji Saani.

"Na ɗaga. Kai ne ka riƙe shi kamar sitiyarin tasi."

Damata, matar Saani, tana biye da su rungume da kan keken cikin tawul, nauyinsa kamar buhun shinkafa. Lif ɗin gidan ya mutu tun watan jiya. Daga hawa na biyar muryar mai keken ta gangaro musu, siririya amma da sauran iko.

"Ku bi shi a hankali. Ya girmi kakanninku."

Baba Abdulmumini tela ne, mutumin Damagaram, ya tsufa a unguwar Morrisania, ba nisa da New Jersey. Ƙofarsa tana kallon tasu Damata. Matarsa ta rasu a gida tuntuni, 'ya'yansa suna can. A makon nan asibiti suka sallamo shi, suka ce zuciyar ta gaji, ya je gida ya huta. Damata aikin kula da tsofaffi take yi, ta san ma'anar irin wannan hutun. Ta ga ƙafafunsa sun kumbura sun cika silifa, ta ga yadda yake tsinka magana biyu don ya ja numfashi. Ta share masa ɗaki, ta dama kunu.

Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: a ɗauko masa kekensa daga shago. Najat, 'yar Damata, za ta karɓi shaidar gama karatun jinya ranar Asabar mai zuwa. A kan wannan keken ya ɗinka mata rigar suna, kuma a ranar ya ce in Allah ya kai rai shi zai ɗinka wadda za ta gama makaranta da ita. Ya riga ya yanka shaddar, shuɗiya, kafin ciwon ya kayar da shi.

Da suka dire keken bakin taga, Saani ya zube a ƙasa yana haki.

"Baba, ga na lantarki a shago, da hannu ɗaya zan ɗauko shi. Me ya sa sai wannan?"

"Na lantarki ba ya jiran kowa. Ni yanzu mai jirana nake so."

Ya sa aka ɗora kan keken, ya zarga igiyar fatar da kansa, ya ɗiga mai a ramukan da ya sani. Fentin zinariyar da ke jikin baƙin ƙarfen ya koɗe daidai inda hannuwa suke gogawa.

"Wannan wurin ba ni kaɗai na cinye shi ba," ya ce wa Yacouba. "Wata tsohuwa 'yar Italiya ce ta ba ni shi, za ta bar unguwa. Na kakarta ne. Ta ce kafin ƙarfen nan ya zo, matan ƙasar nan da allura suke ɗinka komai. Rigar namiji ɗaya ta cinye yini, har a kunna fitila. Da ya zo, awa ɗaya da ɗoriya an gama."

"Sai suka huta," in ji Yacouba.

"Wa ya gaya maka? Sai aka gina masana'antu, aka jera su ɗaki-ɗaki, baƙi 'yan ci-rani irinmu, suna takawa daga safe har dare. Amma talaka ya samu riga ta biyu. Da, mai riga biyu attajiri ne."

"Ashe ni hamshaƙi ne," in ji Saani daga ƙasa.

"Kai bene ya tona maka asiri. Ka san kafin a ƙera lif, masu kuɗi a ƙasa suke zama, talaka a sama? Da lif ya zo suka haye, suka bar mana ƙasa. Mu nan namu ya mutu, mun koma zamanin da."

Suna dariya ya gyara zama, ya ɗora ƙafafunsa a kan matakin, ya juya wilin da hannun dama. Allurar ta sauka sau ɗaya. Ya danna. Matakin ya motsa kaɗan ya tsaya. Ya sake dannawa, gumi ya keto masa a goshi. Dariyar ta ɗauke.

Najat ta shigo a daidai lokacin, da kayan asibiti a jikinta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta duba ƙafafunsa, ta duba uwarta, ta ciro waya ta ce kada Baba ya wahalar da kansa, za ta sayi riga yanzu, gobe a kawo har ƙofa.

"Kun ji uwargidana," in ji Baba. "Tun tana zanen goyo nake mata ɗinki, yau za ta sake ni saboda waya."

Damata ta kalli keken. Bayansa a buɗe yake, ana ganin matakin ta ɗaya gefen. Ta jawo kujerar roba, ta zagaya, ta zauna suna fuskantar juna, ta cire takalmi.

"Ni zan taka. Kai ka riƙe ƙyallen."

"Maman Najat, kin taɓa ɗinki?"

"Na taɓa sa maɓalli."

"Ya zauna?"

"Ya faɗi a subway, cikin jirgin ƙasa."

Suka fara. Ta danna da ƙarfinta, wilin ya juya da baya, zaren ya cukurkuɗe a ƙasa ya tsinke. Ya warware, ya sake zargawa. Ta sake dannawa, ya sake tsinkewa. A karo na gaba keken ya zabura da gudu, allurar ta wuce gefen yatsansa da kaɗan. Damata ta janye ƙafa kamar ta taka wuta.

"Baba, zan huda ka. A bari."

"Dusman, wato a hankali, 'yata. Matakin kike kallo, shi ya sa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ku mutanen Kumasi, in kuna dakan wannan sakwarar taku..."

"Fufu."

"Bon, fufu. Mai taɓarya ina take kallo? Turmi?"

"Hannun mai juyawa."

"To."

Ta gane. Tun tana yarinya a Zangon Kumasi ita ke daka, uwarta na zaune tana juya fufun da jiƙaƙƙen hannu, taɓarya tana sauka a inda hannun ya bari. Ba ta taɓa dake yatsan uwarta ba. Ta ɗauke ido daga ƙafarta ta ɗora a kan hannuwansa. Ya tura wilin, ta karɓa. Diddige, yatsu, diddige, yatsu. Ya sassauta, ta sassauta. Ya tsaya a kwana, ta tsaya. Ƙarar keken ta daidaita, ta cika ɗakin, ta fita ta ƙofa.

"Yau na ga tela mai ƙafa huɗu," in ji Yacouba.

Haka suka yi kwanakin. Damata ta roƙi a mayar da aikinta na safe, in ta dawo ta yi azahar sai ta tsallaka. Ba sa daɗewa, hannu ɗaya na riga ya ishe shi yini. Sauran lokacin hira ce. Gidan kuwa ya gano hanyar hawa na biyar duk da babu lif. Matan hawa na biyu suka riƙa aiko da waake da shito, wato shinkafa da wake da soyayyen yaji irin na Kumasi, Yacouba ya kawo kilishi wanda Baba ba ya iya ci, sai ya sansana ya miƙa wa baƙi. Wani tsoho ɗan Puerto Rico da ke ƙasansu ya hau don ya yi ƙorafin ƙara, ya ga keken, ya ce irinsa ne uwarsa take da shi. Ya zauna har la'asar.

Saani ya ce shi ma a ba shi ya taka. Ya tsinka zare tun kafin a kai kamu ɗaya.

"Tashi," in ji Baba. "Ƙafarka ta saba da totur."

Ranar Laraba Najat ta gwada rigar. Ta zauna mata cif a kafaɗa. Ta juya gaban madubi, ta buɗe baki za ta yi Turanci, ta fasa.

"Na gode, Baba. Ya yi kyau."

"A rubuta ranar nan. Uwargida ta yi Hausa."

Saura kalmasar ƙasa kawai.

Ranar Alhamis ya ce a buɗe taga. Rana tana kan gine-ginen tsallake, ana jin bas tana sauke mutane, yara suna buga ƙwallo a bango. Ya yi la'asar a zaune. Ya ninke bakin shaddar da farce, ya sa a ƙarƙashin allura, ya tura wilin. Damata ta karɓa. Ɗinkin yana fita a miƙe kamar an ja shi da igiya.

"Wata rana," ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "kada ki bari su fitar da keken nan bakin titi."

"Wa zai sauko da shi? Saani?"

Ya yi 'yar dariya. Suka ci gaba. Sun zagayo ta baya, saura kamar kamu biyu, sai ta ga hannun hagu ya daina jan ƙyallen. Yatsan yana kwance a kan hanyar allura. Ta ɗaga ƙafa, ta cafke wilin. Allurar ta tsaya a sama.

"Baba."

Ya jingina da kujera, idonsa a kan taga. Ta zagayo ta durƙusa, ta riƙe hannun, ta yi masa kalmar shahada a kunne. Leɓɓansa suka bi ta. Ta jira numfashin da zai biyo baya, bai zo ba. Ta shafe masa ido, ta yi salati, ta je ta ƙwanƙwasa wa Saani.

Bayan sallar Juma'a aka yi masa sallah. Masallacin ya cika har bakin titi, rabin mutanen sanye da ɗinkinsa. Yacouba ya riƙa nuna su da haɓa: wannan nasa ne, wancan ma nasa ne, liman ma. Maza suka raka shi maƙabarta a New Jersey. Damata ta kira 'ya'yansa a Damagaram, ta gaya musu yadda ya cika, da abin da yake yi.

Da safiyar Asabar rigar tana nan yadda ya bar ta, a ƙarƙashin allura. Najat ta ce za ta sa ta haka, babu mai lura da kamu biyu.

"Zai lura," in ji Damata.

Ta zauna a kujerarsa. Daga nan komai ya juye mata, kuma babu hannun da za ta kalla sai nata. A Zango in mace ta rasa mai juya mata, da hannu ɗaya take daka, ɗayan yana cikin turmi. Ta tura wilin, ta taka. Zaren bai tsinke ba. Ɗinkin ya karkace ya dawo, ya sake karkacewa, har ya je ya haɗu da inda Baba ya faro.

Najat ta zura rigar, ta sunkuya ta bi kalmasar da yatsa. Layi miƙaƙƙe ya zagaye ta, sai ɗan wurin da ya yi tafiyar maciji.

"Mma, nan naki ne."

"Sa takalmi. Babanki yana ƙasa yana ta hon."

Najat ta tattare shaddar ta fara sauka, matan hawa na biyu suka tare ta da guɗa. Damata ta yanke zaren, ta ɗauke ƙafafunta. Matakin ya ci gaba da lilo shi kaɗai cikin hasken taga, yana raguwa, har ya tsaya.