Kujerar Baba Ƙungiya

Tsayuwa ce ta kashe Baba Ƙungiya, ko taurin kansa? Helma, shugaban ma'aikatan sashen naɗe sabulu, bai san amsa ba, ko da yake katanga ɗaya ce ta raba ɗakunansu.

Ran da ya shiga duba shi, tsohon na kwance, ƙafafu sun kumbura suntum, matarsa na shafa musu man zafi. A gefen gado ga kujerar katakon nan mai dogayen ƙafafu da ta jawo aka kore shi. A masana'antar sabulun da suke aiki an hana zama a bakin aiki. Kullum Baba sai ya shigo da ita, kullum Helma ya ƙwace.

"A'a, ga ɗan sandan kujeru!" in ji Baba, yana dariya har tari ya sarƙe shi. "Zauna mana. Nan ba a kora."

Helma ya ƙi zama.

"To ɗauke ta ka kai wa baiwar Allahn nan mai ciki ta layin ƙarshe. An ce jiya ta yanke jiki ta faɗi."

"Baba, rufa mini asiri. 'Ya'ya gare ni. Manaja ya gan ni da ita, ni ma waje."

"Shi Manajan a tsaye yake yini? Ba alfarma nake roƙo ba, maƙwabci. Mutum ba turke ba ne."

Matar ta ce, "Malam, yi shiru haka nan, numfashinka."

"Shirun ai yana tafe, Uwargida, mai tsawo ma."

Baba bai ƙarasa makon ba. Da masu gaisuwa suka watse, matar ta fito da kujerar ta ajiye a ƙofar ɗaki, inda Helma ke wucewa.

Washegari mai gadin masana'anta ya ga Helma da kujera a kafaɗa.

"Kai ma?"

"Buɗe."

Manaja ya leƙo daga saman bene. "Helma! Ka san abin da ke biyo bayan wannan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ai ni nake ƙwacewa."

Ya ratsa tsakanin injuna har layin ƙarshe, ya goge kujerar da hannun rigarsa, ya ajiye ta bayan mai cikin. Ta dubi bene, ta dube shi. Sannan ta dafa ƙugu, ta zauna a hankali, ta jawo sabulu na gaba.