Hanyar Da Za Ta Kawo Alƙali

Lemuel Stroud shi ya kafa turken bulala da hannunsa, tun ba a sa ranar shari'a ba. Ya shiga daji ya zaɓi itacen da ya fi kowanne miƙewa da tauri, ya sare, ya fere, ya sa shanunsa suka jawo shi har tsakiyar filin Tansy Creek, ya haƙa rami ya kafa. A lokacin garin ba shi da coci, ba shi da makaranta, ko kurkuku babu, amma ga turken bulala tsaye ƙiƙam, wanda ko babban birnin Indiana zai yi alfahari da shi. Haka mutumin yake. In ya ƙudurta abu a ransa, sai dai ka kauce masa.

Kuma fa yana da hujja. Goɗiyarsa aka sace, wadda marigayiyar matarsa ta rena tun tana ƙarama, kuma ita kaɗai ce abin da matar ta bari mai numfashi ban da 'yarsu Keziah.

Ɓarawon baƙo ne, sunansa Jabez Pruitt. Ya taso daga Kentucky da matarsa Dorcas da 'yarsu a amalanke, suka haye kogi, sai sansu ya faɗi ya mutu a bakin fadama. Ya bar su wurin mai fito, ya keto fadamar da ƙafa, ya kwance goɗiyar Lemuel don ya je ya jawo amalanken. Ba ta kai ba. Ta zurma cikin wani rami a tsakiyar taɓo ta karye, ta mutu a nan. Da masu bin sawu suka iso, sun tarar da shi zaune a laka, kan goɗiyar bisa cinyarsa. Bai ko yunƙura ya gudu ba.

To, ga ɓarawo a hannu, ga turke, sai dai babu alƙali. Alƙalin da ke zagaya yankin ya rantse ba zai ƙara jefa dokinsa cikin wannan fadama ba sai an shimfiɗa mata hanya. Dama dokar jiha ta ɗora wa kowane namiji mai lafiya aikin hanya, mutanen Tansy Creek ne kawai ke ta jan ƙafa. Sai Enos Whitlow, wanda shi ne ɗan doka kuma shi ne shugaban aikin hanyar, ya yanke shawara: da rana ɓarawo ya riƙe gatari tare da kowa, da yamma a sa masa sarƙa ya kwana gida-gida, kowa da ranarsa ta ciyar da shi.

Aikin ba shi da wata dabara sai wahala. A sare itace, a jawo gungumen, a kwantar da shi a gicciye bisa taɓo, a kawo wani a manna masa, a zuba ƙasa. Ga sauro, ga zazzaɓin da ke kayar da ƙato ya bar shi yana kakkarwa. Lemuel ke riga kowa zuwa, don shi kowane gungume bulala ce ke matsowa.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, mutum ɗaya ne kawai ya fi shi sauri, kuma ɓarawon ne. Jabez ba ya zama shan taba, ba ya jiran a kira shi. Har tafin hannunsa ya farfashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

Da layin ciyarwa ya zo kan gidan Lemuel, Keziah ta ɗora musu faten masara da naman barewa. Ta zuba wa baƙon ya fi na uban.

"Ke, wannan ɓarawo ne fa, ba fasto ba," in ji Lemuel.

"Na sani, Baba. Fasto ai ba ya sare itace kamar haka."

Lemuel ya yi tsaki, ya juya ga Jabez. "Kai, mahaukaci ne kai? Ka san wanda hanyar nan za ta kawo?"

"Na sani, dattijo."

"To saurin me kake yi? Bayan naka ne ke maka ƙaiƙayi?"

Jabez ya ajiye cokali. "Dorcas tana kwana a rumfar mai fito da yarinya. Rumfar ba ta da bango. In ƙanƙara ta sauko ta same su a can, ban san me zan tarar ba. Hanyar da za ta kawo alƙali ita za ta kawo su."

"In an gama dukanka korarka za a yi daga gundumar."

"To, a kore mu tare."

Lemuel ya ture kwanonsa gefe. Haushi ya ji, irin haushin da mutum ke ji in wanda ya tsana ya faɗi magana mai ma'ana.

Da ganyen itatuwa ya fara ja, alamar sanyi ya kusa, aiki ya kusa haɗewa da tudun da ke can ƙetare. A nan ne kuma lalaci ya sauko wa mutanen Tansy Creek gaba ɗaya. Wannan ya ce ƙotar gatarinsa ta tsage, wancan ya ce sansa na ɗingishi, wani kuma ya tuna da ciwon bayan da ya yi tun yana soja. Ba wanda ya fito ya faɗa, amma kowa ya gane. Mutumin ya ci abinci a kowane gida, ya gyara wa wannan rufi, ya yi wa 'ya'yan wancan usur na kara. Wa ke son ganin an ɗaure shi a turke?

"Munafukai!" Lemuel ya daka musu tsawa. "Enos, ɗan doka ne kai ko mai renonsa?"

"Maƙwabci, taɓo ne ya yi yawa," Enos ya ce, yana sosa ƙeya.

"Taɓon jiya ne aka haife shi?"

Abin da ya rage ramin nan ne da goɗiyar ta mutu a ciki. Duk gungumen da aka kwantar, sai ya lotsa ya nutse, don itatuwan wajen duk ɗanyu ne, masu laushi. Ana cikin wannan cacar baki sai Jabez ya tuɓe rigarsa ya sauka cikin ramin, laka har ƙirji. Aka ɗauka zurfi yake aunawa. Sai ga shi ya ɗago da ƙashi, ya kai kan busasshiyar ƙasa ya ajiye, ya koma.

"Me kake yi haka?" Enos ya tambaya.

"Ba za a bi ta kanta da amalanke ba," in ji Jabez. "Ku ba ni zuwa rana ta karkata, in binne ta a tudu. Sannan don Allah ku daina wannan wasan. Na gode da nufinku, amma iyalina kuke kashewa."

Lemuel ya tsaya yana kallon ƙasusuwan na taruwa. Tun ranar da abin ya faru bai taɓa zuwa wurin nan ba, ya kasa. Shi da yake ta ihun goɗiyarsa a kowane lungu, ya bar ta a laka rani guda, ga wanda ya kashe ta yana tsamo ta da farfasassun hannuwa. Kunya ta kama shi, baƙin ciki kuma ya taso masa ɗanye. Ya kora shanunsa ya nufi gari.

"Shi ke nan, ya yi fushi," wani ya ce.

Rana ta karkata sai ga shi ya dawo, shanu na jan wani dogon itace busasshe, fere sumul, gindinsa duk ƙasa. Kowa ya gane shi.

"Kun zuba min ido kamar ba ku taɓa ganin itace ba," in ji Lemuel. "Ya sha rana ya bushe, ba zai lotsa ba. Ku kama mana!"

Aka kwantar da turken a kan ramin, aka jera sauran bisansa. Ko motsi bai yi ba.

Ba a yi mako ba alƙali ya iso, wandonsa tas babu ɗigon laka. Aka yi zama a babban ɗakin ajiyar hatsin Enos. Lemuel ya dafa Littafi Mai Tsarki ya faɗi gaskiya tsirara: goɗiyarsa ce, ba da izininsa aka kwance ta ba, kuma ta mutu. Bai rage komai ba, don ba mutumin da zai yi ƙarya a kan Littafi ba ne. Mutum goma sha biyun da aka zaɓa su yanke magana suka fita suka zauna a kan gungume, suka daɗe suna tofar da yawun taba, suka dawo fuska a murtuke. Suka ce ya aikata.

"Bulala ce, sannan ya bar gundumar," in ji alƙali. "Ɗan doka, an ce kuna da turke."

Enos ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai ta kansa ka wuce ɗazu."

Da aka yi masa bayani, alƙalin ya ɗan gyara murya, ya ce kowane itace ma zai yi.

Lemuel ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ni aka yi wa laifi. In an tsaga masa baya, goɗiyata za ta tashi? Hanya ba ta kai injin niƙa ba tukuna, gonata kuma ba mai riƙe min garma. Ka bar shi ya biya da guminsa. Ni na tsaya masa. In ya gudu, ni za ka ɗaure."

Alƙalin ya dubi mutanen goma sha biyu, duk suna gyaɗa kai tun bai tambaya ba. Ya dubi hannuwan Jabez. Ya ce zai jingine bulalar sai zagayensa na gaba, in ya ga hanya ta kai injin niƙa, ya yafe ta. Enos ya cire sarƙar tun maganar ba ta gama fita ba.

A waje iska ta yi sanyi, sama ta yi fari. Jabez ya sami Lemuel yana ɗaura wa shanunsa karkiya.

"Dattijo, ban san me zan ce ba."

"Kar ka ce komai, ban yafe maka ba tukuna. Amma gaya min, ranar nan me ya hana ka buga min ƙofa ka tambaya?"

"Da na tambaya, da ka ba ni?"

Lemuel ya gyara zaman karkiyar. "A'a," ya ce. "Da na kore ka da kare." Ya ja igiyar ya ƙara ƙulle ta. "To yanzu fa? Bakin naka ciwo yake yi?"

Jabez ya cire hularsa. "Dattijo, ka ara min shanunka in je in ɗauko iyalina."

Lemuel ya miƙa masa igiyar. "Na hagun nan ba ya son tsawa, ka bi shi a hankali. Kuma ka yi sauri, Keziah ta riga ta share musu ɗaki."