Fasfon Bahago

"Riƙe mini wuyanshi, Baba," in ji likitan dabbobi na garin Buza, allura a hannu.

Tsoho Mahamud ya noƙe hannuwa cikin riga. "Ɗiyata Mardiyya za ta riƙe."

Furera maƙwabciya, da ke leƙe ta kan katanga, ta riƙe haɓa. Yo Bahago, siririn karen farautan nan na Azawak, wa ya taɓa shafa shi in ba tsohon ba? Abinci ma daga hannunsa kaɗai yake ci.

To, ciwo ya ci Mahamud, kuma duk unguwar ba mai son gadon kare. Mardiyya da ke aure a ƙasar Beljik, wadda ta zo jinya, ta ce za ta tafi da shi. Ashe aiki ne ja: allurar haukan kare, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, jini a aika waje a auna, sannan jiran watanni.

"Kare da fasfo!" Furera ta ce. "Ni ko Yamai ban sani ba."

"Yi haushi mu ji, sai a yi miki naki," in ji tsohon.

Takardu dai za su fito. Amma kare mai ƙin hannun kowa, yunwa za ta kashe shi can. Sai Mahamud ya daina kiran sunansa. In Bahago ya zo gindin gado, sai tsohon ya juya fuska bango. Akushi kuwa, Mardiyya kaɗai ke ajiyewa. Karen ya rame, haƙarƙari a waje.

Rannan Furera ta kawo kunu, ta tarar da tsohon yana hawaye, karen na kuka a bakin ƙofa.

"Haba Baba, ɗan shafa shi mana. Mi za ya rage?"

"In na shafa shi yau, ni za ya yi ta jira har ya mutu. Ki bar shi ya yi hushi da ni."

Ran Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa, tsohon ya tafi bai shafa karen ba.

Da maza suka fita da makara, Furera na zaune cikin mata, ta ga Bahago tsaye a zaure yana kallon hanya. Ya jima. Can sai ya juyo, ya ratsa tabarmin masu gaisuwa, ya ɗora dogon bakinsa a kan ƙafar Mardiyya.